Ƙasa na motsi, sabis ya ɗauke: na'urar auna girgizar ƙasa ta gida da wahalar intanet a Zamfara

A ranar 14 ga Agustan 2021 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.2 ta afka wa kudancin ƙasar Haiti, ta hallaka mutum fiye da 2,200. Na'urar da ta fi kowace kusa da inda ƙasar ta tsage, kilomita 21 kacal, ba ta gwamnati ba ce. Ɗan ƙaramin akwati ne da aka ajiye a gidan wani ɗan sa-kai, ɗaya daga cikin guda 15 da masana suka rarraba wa jama'a tun daga 2019. Da bayanan wannan akwati Eric Calais da abokan aikinsa suka fayyace abubuwa da dama game da girgizar, suka wallafa a mujallar Science a 2022.

Makonni uku bayan wannan girgiza, ranar 3 ga Satumba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Da akwai irin wancan akwati a Tudun Wada cikin Gusau, ko a Tsafe, ko a Bungudu, da ya ci gaba da jin kowane motsi na ƙasa dare da rana, amma babu wanda zai san abin da ya ji.

Ƙorafin da masu irin wannan na'ura sukan yi ke nan: tana aiki, fitilunta na haske, amma shafinta na cewa ba ta haɗu da sabar kamfani ba. A Turai da Amurka laifin kan iya zama na wani saiti a cikin rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida. A nan Zamfara, rauta ce ake fara zargi, kuma sau da yawa ita ce mafi ƙarancin laifi.

Abin da ke cikin akwatin

Wadda ta fi yaɗuwa a cikin waɗannan na'urori ita ce Raspberry Shake, ƙirar wani kamfani da ke ƙasar Panama, wadda ta fito a 2016. Abu uku ne a ciki. Na farko ita ce 'yar kwamfutar Raspberry Pi, wadda faɗinta bai wuce katin cirar kuɗi ba. Na biyu shi ne kunnen na'urar: naɗin waya da aka rataye a jikin sifirin kewaye da maganaɗisu, irin wanda masu neman man fetur suka daɗe suna kafawa a ƙasa. Idan ƙasa ta motsa, maganaɗisun ya motsa tare da ita, naɗin wayar ya ɗan tsaya baya, sai wannan bambanci ya haifar da 'yar wutar lantarki. Na uku shi ne allon da ke mayar da wutar zuwa lambobi, sau 100 a kowane sakan. A kwana ɗaya lambobi 8,640,000 ke nan.

Lambobin suna sauka a katin memori, sannan kuma, idan mai na'urar ya yarda, a tura su ta intanet zuwa sabar kamfanin, inda tashar za ta bayyana a taswira tare da sauran tashoshin duniya. Darajar abin tana cikin wannan turawa. A 2020, lokacin kullen korona, Thomas Lecocq na cibiyar binciken sararin samaniya ta Beljiyam da ɗimbin masana sun tattara bayanan tashoshi 268, ciki har da na gidajen mutane da makarantu, suka nuna cewa hayaniyar da ɗan Adam ke jawo wa ƙasa da motoci da masana'antu ta ragu da kusan rabi a wurare da yawa. Tashar da ba ta aika komai ba, ba ta shiga wannan lissafi ba.

Me Zamfara za ta yi da ita?

Tambayar tana da hujja. Najeriya ba ta bakin iyakar manyan ɓangarorin ɓawon duniya, inda suke gugar juna kamar a Turkiyya ko Japan. Amma hakan bai sa ƙasar ta zama gunki ba. A Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna, har bangaye suka tsattsage. A farkon Satumban 2018 mutanen Mpape da Maitama a Abuja sun kwana a firgice, hukumomin birnin suka dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin, sannan Mpape ta sake motsawa a Satumban 2024. Idan aka leƙa maƙwabta, Accra ta ga mummunar girgiza a 1939, arewa maso yammacin Gini kuma ta ga tata a Disambar 1983, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka.

Mafi yawan Zamfara tana zaune ne a kan tsohon dutsen gindi, wanda ya leƙo waje a Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe. A cikinsa akwai jerin duwatsun Anka da Maru masu ɗauke da zinare, kuma akwai tsohuwar tsagar ƙasa da masana ke kira da sunan Anka, wadda ta miƙa ta Yawuri ta nufi kudu maso yamma. Zinaren da ya jawo wa jihar arziki da masifa, tun daga gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a 2010 har zuwa haramcin haƙar ma'adinai na Afrilun 2019 da aka ɗage a Disambar 2024, a jijiyoyin irin waɗannan tsagogi ya taru.

Cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Najeriya tana Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar NASRDA, kuma tana da tasha a Kaduna. Daga Kaduna zuwa Gusau a miƙe kusan kilomita 200 ne. Ƙaramin motsi a gefen Maru ko Wanke zai iya mutuwa kafin ya isa can. A ganina babban amfanin na'urar gida a wannan yanki ba jiran gagarumar girgiza ba ne. Amfaninta shi ne raba gardama. Idan mutanen wani ƙauye suka ce sun ji ƙasa ta buga da tsakar dare, nakiyar masu fasa dutse ce, ko ramin haƙa ne ya rufta, ko tsohuwar tsaga ce ta gyara kwanciya? Kowanne yana da irin zanensa a shafin na'ura, kuma fasa dutse yana da lokutan da ya saba faruwa. Ga malamin kimiyya kuma akwai wata riba: girgizar da ta auka wa Maroko ranar 8 ga Satumban 2023 ta aiko da igiyarta ta farko ta ƙarƙashin Sahara zuwa wannan yanki cikin kimanin minti biyar. Ɗalibin da ya ga irin wannan a allo da idonsa ba zai sake haddace darasin ba tare da fahimta ba.

A fara daga kusa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara daga nesa, a yi ta zargin kamfanin da ke Panama ko kamfanin waya, alhali ba a duba kebul ba. Tambayar farko ita ce: wayarka ko kwamfutarka da ke kan rauta ɗaya da na'urar tana iya buɗe shafinta? Ana rubuta rs.local a burauza. Idan bai buɗe ba, ba lallai na'urar ce ta mutu ba, domin wasu wayoyin ba sa gane irin wannan suna. Sai a shiga shafin rautar kanta, a duba jerin abubuwan da ke haɗe da ita, a ɗauko lambar adireshin da ta ba na'urar, a rubuta shi kai tsaye.

Idan na'urar ba ta cikin jerin, matsalar ba ta wuce tsawon kebul ba. A duba 'yan fitilun da ke bakin ramin kebul ɗin. A canja kebul, a canja rami. Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu: intanet ɗin yawancin gidajen Gusau ko dai wayar hannu ce, ko 'yar MiFi ta aljihu, kuma mafi yawan waɗannan ba su da ramin kebul ko ɗaya. Masu na'urar sun fi son a haɗa ta da kebul, domin rediyon Wi-Fi da ke jikin Raspberry Pi yana kusa da allon aunawa, yana iya zuba masa hayaniyar da za ta yi kama da motsin ƙasa. Wanda zai sayi na'urar ya sa kuɗin rauta mai ɗaukar layin waya kuma mai ramin kebul a cikin lissafinsa tun farko.

Wani tarkon kuma yana kama waɗanda suka ɗan san kan kwamfuta. Mutum ya ba na'urarsa tsayayyen adireshi lokacin da yake amfani da tsohuwar rauta mai lambobin da suka fara da 192.168.1, daga baya ya koma wata mai 192.168.8 ko 192.168.0. Na'urar tana nan tana kiran ƙofar fita da babu ita. Maganin shi ne a mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta daga rauta.

To a ce shafin ya buɗe, zanen motsi na tafiya, ka buga ƙafa a ƙasa ka ga layin ya yi tsalle. Kunnen lafiya lau ke nan. Saura baki. A duba ko an kunna izinin tura bayanai a saiti, an kuma cika wurin da tashar take, domin ba ta turawa sai an yarje mata. Daga nan sai a tambayi layin da ke cikin rauta: akwai data? Tambayar kamar ta raini ce, amma fitilar sabis a jikin rauta tana iya nuna cikakken ƙarfi alhali data ta ƙare tun jiya. Akwai ma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Kamfanonin wayarmu suna sayar da data mai araha ta WhatsApp da Facebook kaɗai. Mai gida zai ga saƙonninsa na shigowa, ya rantse akwai intanet, alhali duk abin da ba na waɗannan shafuka ba an tare shi a hanya. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe wani shafi daban, na jarida ko na jami'a, ta kan wannan rautar.

Ƙofofi, da shawarar da ba ta da amfani

Na'urar tana fita zuwa sabar ne ta ƙofofi masu lamba 55555 da 55556, tana neman saitin agogo ta ƙofa ta 123, tana kuma tambayar adireshin sabar ta ƙofa ta 53. Duk fita ce, ba shiga ba. Wannan bambanci ya kamata a riƙe shi da kyau, domin shawarar da aka fi ba mai wannan matsala ita ce ya shiga rauta ya buɗe ƙofofin shigowa. Ba zai amfana da komai ba. Rautar gida ba ta saba hana fita ba, kuma a kan layin waya ƙofar shigowa ma ba a hannunka take ba. Kamfanonin waya suna tara dubban masu layi a bayan adireshin waje guda ɗaya, kamar gidan haya mai lamba ɗaya a ƙofa: ɗan haya zai fita ya kai saƙo ya dawo da amsa, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Haka Starlink ma, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, take yi wa yawancin masu amfani da ita. Wannan tsari ba ya hana na'urar aika bayanai. Abin da yake hanawa shi ne mutum ya zauna a Kano ya leƙo cikin na'urarsa da ke Bungudu kai tsaye.

Inda ƙofofin fita ke zama matsala da gaske shi ne a manyan makarantu da ofisoshi, inda mai kula da intanet ya kafa katangar tsaro ya bar ƙofofin buɗe shafuka kawai. Malamin da ya kai na'urarsa ɗakin gwaji a irin wannan wuri ba ya buƙatar ya taɓa komai a jikinta. Takarda zai rubuta wa sashen kwamfuta, ya jera lambobin nan huɗu, ya bayyana cewa fita kawai ake nema.

Akwai kuma lokacin da na'urar ke iya isa intanet da lamba amma ba ta iya isa da suna. Idan aka shiga cikinta aka gwada kiran 8.8.8.8 ya amsa, aka gwada sunan wani shafi bai amsa ba, to mai fassara sunaye ne ya gaza. Sai a saka mata wani, kamar 8.8.8.8 ɗin kansa ko 1.1.1.1. Gwajin da ya fi kowanne yanke zance shi ne a ɗauki na'urar a kai ta kan wata rauta mai layin wani kamfani daban. Idan ta haɗu cikin 'yan mintuna, an wanke ta.

Agogo da wuta

A nan ne Zamfara ta bambanta da wuraren da aka rubuta littafin na'urar dominsu. Raspberry Pi irin wadda aka saba sakawa a cikinta ba ta da batirin agogo. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ta manta ƙarfe nawa, sai ta tambayi intanet idan ta farfaɗo. Ga mai auna girgizar ƙasa lokaci shi ne rabin ilmin. Igiyar farko tana gudun kusan kilomita 6 a sakan cikin dutse irin namu, wato daga Tsafe ta wuce Gusau ta isa Bungudu cikin sakan tara ko goma. Kuskuren sakan ɗaya a agogo kuskuren kilomita shida ne a taswira. Bayanan da ba su da sahihin lokaci ba su da wurin zama a cikin na sauran tashoshi.

Ga yadda abin ke faruwa. An kawo wuta. Na'urar da rauta suka tashi tare. Na'urar ta gama shiri cikin ɗan lokaci ta nemi agogo, rauta kuwa tana can tana lalube ƙarfen sabis, wanda shi ma wataƙila janaretansa bai daɗe da tashi ba. Na'urar ta nema ba ta samu ba. Daga baya intanet ya dawo, wayoyin gida duk suka haɗu, ita kuwa shafinta na nan yana cewa babu haɗi. Idan sake kunna ta bayan rauta ta zauna daram yana gyara matsalar kowane lokaci, to an gano ciwon. Ba a rauta yake ba, a wuta yake.

Maganin dindindin shi ne kada ɗayansu ya mutu. Na'urar da rautar duka ba su cin wutar da ta kai ta fanka ɗaya, don haka ɗan faifan sola da batir matsakaici sun ishe su kwana da wuni. Wanda ya tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sai dai a kiyaye abu biyu. Janareta da inbata mai fanka su yi nesa da na'urar, in ba haka ba su za ta yi ta aunawa. Sannan kada a ɗauki cajar waya ta bakin titi a ce ai duk bolt biyar ne. Cajar da ba ta kai ba tana sa kwamfutar ta riƙa yanke haɗi ba gaira ba dalili, kuma yawan mutuwar farat ɗaya yana lalata katin memori. Katin da ya fara lalacewa yana kawo alamomi masu ruɗarwa, har mutum ya yi mako yana faɗa da rauta a banza. A shafin na'urar akwai wurin sauke kundin abin da ya faru a cikinta, kuma ƙarancin wuta da gazawar agogo duk suna rubuce a ciki.

Wurin ajiya ma yana da nasa. Daɓen siminti a ɗakin ƙasa, kusa da bango, nesa da ƙofa. Gidan da ke bakin titin Funtuwa zuwa Sakkwato zai samu kyakkyawan tarihin tireloli, gidan da ke maƙwabtaka da injin niƙa kuma zai san ranar da aka fi kai markaɗe. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40 a Gusau, ya fi cutar da rautar da aka rataye ƙarƙashin kwano fiye da na'urar da ke kwance a ƙasa.

Idan an kashe daga sama

Duk wannan dabara ce ta abin da ke hannun mai gida. Abin da ya faru a 2021 ba ya hannun kowa a cikin gida. Umarnin farko na mako biyu ne, amma aka tsawaita. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi, ciki har da Tsafe da Bungudu, sai wajen ƙarshen Nuwamba. A farkon lamarin mutane sun riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, kafin ita ma a kashe nata. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka, wato mai janareta ma bai tsira ba. Ban da wannan, ƙarafan sabis a wuraren da hanya ba ta da tsaro sukan yi shiru idan mai kai musu gas ya kasa isa.

Saboda haka duk wanda zai kafa tasha a wannan yanki ya gina ta bisa zaton cewa wata rana za ta zauna ita kaɗai na tsawon watanni. Ana iya yin hakan. Na'urar tana zuwa ne da saitin ajiye bayanan kwana bakwai, tana goge tsofaffi. Ana iya ƙara kwanakin, a saka kati mai girma kuma mai inganci. Ana iya haɗa mata ɗan kan GPS da zai riƙa karɓo lokaci daga tauraron ɗan Adam, wanda babu ruwansa da ƙarfen sabis. Tana kuma da saitin aiki ba tare da intanet ba. Da waɗannan, abin da aka rasa shi ne gani nan take. Tarihin kansa yana nan, a kwashe shi a kwamfuta ranar da hanya ta buɗe.

Akwai maganar da ba ta cikin littafin kamfani. A yankin da ake zargin mutane da kai wa 'yan bindiga rahoto, akwati mai wayoyi da fitilu da eriya a ɗakin mutum abu ne da ke buƙatar bayani tun kafin a nema. Mai unguwa ya san da shi, shugaban makaranta ya san da shi, a nuna musu zanen a allo su buga ƙafa su gani. A kuma canja kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Shi ya sa na fi ganin dacewar a fara da makarantu maimakon gidaje: Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin, da sakandaren kimiyya masu sola.

Tasha ɗaya tana iya faɗin nisan abin da ya faru. Ana ƙirga tazarar da ke tsakanin igiyar farko da ta biyu mai jinkiri, kowane sakan ɗaya kimanin kilomita takwas ne. Ba ta faɗin ta wane ɓangare. Ana buƙatar aƙalla uku, a zana da'ira kewaye da kowace, a ga inda suka haɗu. Sai dai wanda ya buɗe taswira zai ga Tsafe da Gusau da Bungudu sun kusa jeruwa a layi ɗaya, domin titi ɗaya ne ya ratsa su daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Tashoshin da ke kan layi ɗaya ba sa iya bambance abin da ya faru a damansu da wanda ya faru a hagunsu, da'irorin za su haɗu a wuri biyu. Dole a samu ta huɗu a gefe. Ƙauran Namoda, da ke arewa da Gusau kuma take da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ita ce ta fi sauƙi. Anka, a ɓangaren yamma, ita ce ta fi kusa da tsagar da ake son a saurara.